Suyuɗi mai kwashe-kwashe ne, ko me ya raya littattafansa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina jin ana cewa Imam Jalaluddini Suyuɗi ya wallafa littattafai fiye da 500, amma wani malaminmu ya ce mafi yawansu kwashe-kwashe ne daga littattafan magabata. In haka ne, me ya sa sunansa ya cika zaurukan karatu har a ƙasar Hausa? Kuma gaskiya ne ya taɓa zuwa Katsina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Malaminku bai yi ƙarya ba, sai dai ya tsaya a rabin magana. Suyuɗi mai tattarawa ne, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. A cikin Muzhir, littafinsa kan ilimin harshen Larabci, ya faɗa cewa yana daga albarkar ilimi a jingina magana ga mai ita, shi ya sa ba za ka ga ya kawo wani abu a littattafansa ba sai ya ambaci wanda ya faɗa. Abin dubawa shi ne wace irin tattarawa ya yi, har nasa littattafan suka rayu a hannun ɗalibai, na mutanen da ya ɗebo daga gare su kuwa da yawa suka kwanta a taska shekaru aru-aru, wasu ma suka ɓace.

An haife shi a Alƙahira a watan Rajab na shekarar 849 bayan Hijira, wato 1445. Sunansa Abdurrahman ɗan Abubakar, asalin gidansu kuma Asyuɗ ne a kudancin Masar, can laƙabin ya fito. Mahaifinsa malamin fiƙihun Shafi'iyya ne, ya rasu yaron bai cika shekara shida ba. Ya haddace Alƙur'ani kafin ya kai takwas, ya yi fiƙihu wurin Alamuddini Bulƙini da Sharafuddini Munawi, ya lazimci Muhyiddini Kafiyaji shekara 14. A 866 aka ba shi izinin karantar da Larabci, a wannan shekarar kuma ya fara wallafa. Ya rasu a 911, wato 1505, shekara 12 kafin Turkawan Usmaniyya su ci Masar.

Zamaninsa zamanin manyan kundaye ne. Tun kafin a haife shi, Nuwairi (ya rasu 1333 Miladiyya) ya rubuta Nihayatul Arab cikin mujalladi kusan 30, Umari (ya rasu 1349) ya rubuta Masalikul Absar, inda aka samo yawancin labarin wucewar Mansa Musa ta Alƙahira, Ƙalƙashandi (ya rasu 1418) kuma ya rubuta Subhul A'sha, wanda ya adana wasiƙar Mai na Borno zuwa ga Sarkin Masar Barƙuƙ. Ana yawan cewa tsoron ɓacewar ilimi bayan Mongol sun rusa Bagadaza a 1258 ne ya sa malaman Masar suka shiga tattarawa. Ni wannan dalili shi kaɗai bai gamsar da ni ba, don tsakanin faɗuwar Bagadaza da haihuwar Suyuɗi an yi kusan shekara 190. Damuwar ɗalibin Alƙahira a lokacin ita ce littattafai sun yi masa yawa. Sarakunan Mamalik da amiransu sun cika garin da makarantu da wakafi, ɗakin littattafan Mahmudiyya kaɗai yana da mujalladi wajen 4,000, Ibn Hajar ma ya taɓa riƙe shi. Mutumin da zai karanta wannan duka, ya tace, ya jera maka bisa babi-babi, shi ake nema.

Inda Suyuɗi ya bambanta da su Nuwairi shi ne su sun zuba komai a littafi guda, domin magatakardan fada ya samu abin da zai buƙata, daga taurari har tarihin sarakuna. Shi kuwa ya bi fannonin addini da na harshe ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa kowanne kundinsa. A Husnul Muhadara, tarihin Masar da ya rubuta, ya lissafa littattafansa kusan 300 zuwa lokacin, ya ce an ba shi zurfi a fannoni bakwai: tafsiri, hadisi, fiƙihu, nahawu, ma'ani, bayani da badi'i. A nan ne kuma ya amsa cewa lissafi ya fi komai yi masa wuya, in ya duba mas'alarsa kamar an ɗora masa dutse. Game da adadin 500 ko 600 da ake faɗa, ka sani ana ƙirga har da risalolin da ba su wuce warƙa biyu ko uku ba, da fatawoyin da shi da kansa ya tara daga baya a cikin Al-Hawi. Manyan da ya gina sunansa a kansu ba su kai kusa da haka ba.

Itƙan, littafinsa kan ilimomin Alƙur'ani, shi ne misalin da ya fi nuna yadda yake aiki. A muƙaddima ya ba da labari da bakinsa. Ya ce yana mamakin yadda magabata suka tsara ilimin hadisi amma ba su yi wa ilimin Alƙur'ani irin wannan tsari ba. Ya samu wani littafi na Jalaluddini Bulƙini, ya faɗaɗa shi a 872 ya kira shi Tahbir. Daga baya sai ya ci karo da Al-Burhan na Zarkashi (ya rasu 794 bayan Hijira), mai nau'i 47, ya ga mutumin ya riga shi. Bai jefar da aikin ba. Ya sake shiri, ya haɗe abin da ya kamata a haɗe, ya raba abin da ya kamata a raba, ya ƙara nasa, ya fito da nau'i 80: Makki da Madani, dalilan sauka, tattara Alƙur'ani, ƙira'o'i, waƙafi da farawa, nasikhi da mansukhi, kalmomin da aka ce asalinsu ba Larabci ba ne, har zuwa ɗabaƙoƙin masu tafsiri. Ya kuma jera sunayen littattafan da ya duba tun a farko, fanni-fanni. Niyyarsa ma Itƙan ya zama shimfiɗa ce kawai ga wani katafaren tafsiri da ya sa wa suna Majma'ul Bahraini, wanda bai iso gare mu ba.

Sai Itƙan ya lulluɓe Burhan. Ƙarni bayan ƙarni ɗalibai suna karanta maganar Zarkashi ta bakin Suyuɗi, shi Burhan ɗin kuwa bai samu bugu cikakke ba sai a 1957 a Alƙahira, alhali an buga Itƙan a Kalkata ta Indiya tun shekarun 1850. Wanda ya ajiye littattafan biyu gefe da gefe zai ga akwai shafukan da aka ɗauko kusan kalma da kalma, kuma ba kowane wuri aka sake ambaton Zarkashi ba. Zai kuma ga a wurare da dama Zarkashi ya fi zurfin tattauna balaga, Suyuɗi ya fi yawan riwaya da sauƙin nemo abu. Turawa masu nazarin Gabas ma ta ƙofarsa suka shiga. Theodor Nöldeke, Bajamushe, ya dogara da Itƙan sosai a littafinsa na tarihin Alƙur'ani na 1860, Edward Lane kuma ya ɗebo bayanin tarihin ƙamusoshin Larabci daga Muzhir a gabatarwar ƙamusunsa. Tarikhul Khulafa an fassara shi zuwa Turanci a Kalkata a 1881.

A Muzhir ɗin ne nake ganin ƙirƙirarsa ta fi fitowa fili. Ya ɗauki ma'aunin malaman hadisi ya aza wa harshe. Kalmar Larabci ita ma riwaya ce, wani ya ji ta daga Balaraben ƙauye ya faɗa wa wani, to me zai hana a tambaya ko mutawatira ce ko ahad, ko mai riwayar amintacce ne, ko an ƙirƙiro baitin da aka kafa hujja da shi? Ya raba littafin nau'i 50 a kan wannan tsari. Kayan ciki na su Ibn Jinni da Ibn Faris da Ibn Duraid ne, amma ginin nasa ne, kuma wanda ya ce tsara ilimi ba ilimi ba ne bai taɓa zama ya gwada ba.

A hadisi burinsa ya fi haka girma: ya so ya tara duk hadisan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a littafi guda, Jam'ul Jawami'i, wanda ake kira Jami'ul Kabir. Ya rasu bai kammala ba. Ya jera hadisan magana bisa harafin farko, wanda ke nufin sai ka san yadda hadisi ya fara kafin ka same shi. Wani malamin Indiya mazaunin Makka, Aliyu Muttaƙi (ya rasu 975), ya zo ya sake jera su bisa babukan fiƙihu, ya fitar da Kanzul Ummal mai hadisi fiye da 46,000. Ƙaraminsa, Jami'us Sagir, mai hadisi 10,000 da 'yan kai, shi ya fi yawo. Munawi ya yi masa sharhi a Faidul Ƙadir, a ƙarni na 20 kuma Albani ya raba shi gida biyu, ingantacce da mai rauni. Nan akwai abin faɗa. Suyuɗi ya ce a gabatarwa ya tsare littafin daga abin da maƙaryaci ko mai ƙirƙira ya kaɗaita da shi, amma bai cika wannan sharaɗi ba, har Ahmad Gumari na Maroko ya rubuta littafi na musamman kan hadisan ƙarya da ke ciki. Wasu ma Suyuɗin da kansa ya hukunta su da ƙirƙira a wani littafin nasa. Mai saurin rubutu irin wannan dole wani abu ya kuɓuce masa.

A fiƙihu kuma Ashbah wan Naza'ir ya gina shi a kan manyan ƙa'idoji biyar, irin su "al'amura suna bin manufarsu" da "yaƙini ba ya gushewa da shakka". Ibn Nujaim Bahanafe (ya rasu 970) ya rubuta nasa da wannan suna, ya amfana da na Suyuɗi ƙwarai, daga na Ibn Nujaim kuma aka ɗebo akasarin ƙa'idoji 99 da ke farkon Majalla, kundin dokokin mu'amala da daular Usmaniyya ta tsara tsakanin 1869 da 1876.

Zargin da malaminku ya yi tsoho ne, tun Suyuɗi na da rai aka yi shi. Sakhawi, babban almajirin Ibn Hajar, ya rubuta a Addau'ul Lami'i cewa Suyuɗi yana ɗaukar tsofaffin littattafai daga Mahmudiyya, ya ɗan canja, ya gabatar ya jinkirtar, ya sa sunansa. Ya kuma ce ilimin nasa daga takarda ya ɗauke shi fiye da bakin malamai. Suyuɗi ya mayar masa da martani mai zafi a wata maƙama da ya kira Al-Kawi, ya kuma rubuta wata risala kan bambancin mawallafi da ɓarawo, a kan wani da yake zargi da satar nasa littafin. Malamai sun daɗe da cewa maganar tsara a kan tsara ba a haɗiye ta ɗanya. Kuma Suyuɗi ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Ya yi da'awar ijtihadi, ya nuna fatan shi ne mujaddadin ƙarni na tara, abin da ya harzuƙa malaman garin. Da aka ba shi shugabancin zawiyar Baibarsiyya a 891, ya taɓa kuɗin da ake raba wa mazauna wurin da hujjar ba su cika sharaɗin wakafi ba, rikici ya kai har suka ɗauke shi da tufafinsa suka jefa a kwamin alwala, kamar yadda Ibn Iyas ya ruwaito. A 906 aka sauke shi, ya koma gidansa a tsibirin Rauda cikin kogin Nilu, ya rufe ƙofa. An ruwaito Sarkin Masar Gauri ya aika masa da dinari 1,000 da bawa, ya mayar da kuɗin ya 'yanta bawan.

A ganina Sakhawi ya yi gaskiya a wasu ƙananan risaloli, inda aikin bai wuce taƙaitawa ba. Amma bai hango amfanin da wannan ɗabi'a za ta yi ba. Dubi Durrul Mansur: riwayoyin tafsiri ne zalla, an cire musu isnadi an bar sunan littafin da aka samo su. Tafsiran Ibn Mardawaihi da Abus Shaikh da Abdu ɗan Humaid da Ibn Munzir, waɗanda ko dai sun ɓace ko guntaye suka rage, yawancin abin da muka sani na cikinsu ta nan muka sani.

Abin da ya kai shi nesa kuwa shi ne fanni guda yakan fitar da shi a girma dabam-dabam, kamar ɗan kasuwar hatsi da ke da buhu, da mudu, da gwangwani, kowa ya saya daidai aljihunsa. A nahawu akwai matanin Jam'ul Jawami'i (wani littafi ne dabam da na hadisin can, suna ne kawai ɗaya), da sharhinsa Ham'ul Hawami'i, da alfiyyarsa Farida don hadda. A ilimin hadisi akwai Tadribur Rawi da alfiyya. A balaga akwai Uƙudul Juman, a usulu akwai Kaukabus Saɗi'i, dukansu waƙe. Mafi ƙanƙanta shi ne Nuƙaya, 'yan warƙoƙi da suka ƙunshi fanni 14, daga tauhidi da tafsiri da gado har rubutu da ilimin sassan jiki da magani da tasawwufi, ya kuma yi masa sharhi da kansa, Itmamud Diraya. A zamanin da littafi sai an kwafa da hannu, takarda kuma sai ta ƙetaro Sahara a kan raƙumi, irin wannan ne alhaji zai iya sawa a gafaka ya dawo da shi gida.

Wannan ya kawo mu batun Katsina. Labarin zuwansa ƙasar Hausa yana yawo a baki, amma babu hujjar da ta tabbatar da shi. A littafin da ya rubuta kan rayuwarsa, Attahaddus bi Ni'imatillah, tafiye-tafiyen da ya bayyana su ne Hijaz, inda ya yi hajji a 869, da garuruwan Masar irin su Dimyaɗ da Iskandariyya. Abin da ya yi alfahari da shi a can shi ne littattafansa sun kai Sham da Indiya da Magrib da Takrur, sunan da Misirawa ke kiran ƙasashenmu na yamma da shi. Ya ce a 889 ayarin alhazan Takrur ya sauka Alƙahira da sarki da alƙali da ɗalibai, suka yi karatu wurinsa, suka tafi da littattafansa. Kakan Ahmad Baba na Tumbutu, Ahmad ɗan Umar Aƙit, ya sadu da shi a tafiyar hajjinsa ta 890, bayan ya dawo kuma ya shiga Kano ya karantar. Askiya Muhammadu na Songhai ma ya gana da shi a hanyar hajjinsa, wajen 1497. A 898 wani malami mai suna Muhammadu Lamtuni ya aiko masa da jerin tambayoyi kan al'adun mutanen yankinsa da halin sarakunansu, amsar tana nan cikin Al-Hawi. Sannan akwai wasiƙarsa zuwa ga sarakunan Takrur, wadda ya ambaci Sarkin Agadas Muhammadu ɗan Sattafan da Sarkin Katsina Ibrahim da suna, yana yi musu nasiha da adalci da tsayawa kan shari'a. Wasiƙar ce ta zo Katsina, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kawo ta a Tanbihul Ikhwan.

A daidai wannan lokaci Magili, malamin nan na Magrib, yana Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa. Shi da Suyuɗi sun yi musayar baitoci kan manɗiƙi, Ahmad Baba ya adana su a Nailul Ibtihaj. Suyuɗi yana haramta shi, Magili yana cewa ai ma'aunin tunani ne, a karɓi gaskiya ko daga wa ta fito. A wannan mas'ala dai malamanmu ba su bi Suyuɗi ba, don an ci gaba da karanta manɗiƙi a zaure.

A sauran fannoni kuwa sun bi shi ƙwarai, duk da shi Bashafi'e ne su Malikawa. Dalili a fili yake: fiƙihunsu suna da Risala da Mukhtasar, abin da suke nema wurinsa kayan aiki ne, nahawu da balaga da usulu da ilimin tafsiri, waɗanda ba su da mazhaba. Malam Abdullahi na Gwandu, a Ida'un Nusukh inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta, ya ambaci littattafan Suyuɗi da dama. Bai tsaya ga karantawa ba. Miftahut Tafsir ɗinsa waƙe ne na abin da ke cikin Itƙan da Nuƙaya, Bahrul Muhiɗ kuma ya waƙe nahawun Jam'ul Jawami'i da Ham'u cikin dubban baitoci. Wato abin da Suyuɗi ya yi wa Zarkashi, shi Abdullahi ya yi wa Suyuɗi, kuma ba wanda ya kira shi ɓarawo, don a al'adar karatunmu taƙaitawa da waƙewa da sharhi hidima ce. Hatta zancen Mahadi da ya cika ƙasar nan wajen shekarar 1200 ta Hijira yana da alaƙa da risalolinsa biyu, Al-Kashf, inda ya ce wa'adin al'umma zai wuce shekara 1,000 amma ba zai kai ƙarin 500 ba, da Al-Arful Wardi kan hadisan Mahadi. Shehu ya yi amfani da su a rubuce-rubucensa, ya kuma fito fili ya ce shi ba Mahadi ba ne. Lissafin Al-Kashf ɗin an gina shi ne a kan riwayoyin da malaman hadisi da yawa suka raunana.

Wanda kowa ya sani, ko bai san sunan mai shi ba, shi ne Jalalaini. Jalaluddini Mahalli ya fara daga Kahfi zuwa Nasi, ya yi Fatiha, ya rasu a 864. Suyuɗi ya cike daga Baƙara zuwa Isra'i a kwana 40, daga farkon Ramadan na 870 zuwa 10 ga Shawwal, yana ɗan shekara 21. Gajartarsa ce ta sa ya dace da tafsirin azumi irin namu: mai jan baki ya ja aya, malam ya duba 'yan kalmomin Jalalaini ya fassara ya faɗaɗa, in ya buƙaci ƙari ya leƙa hashiyar Sawi ko ta Jamal. Malam Abdullahi ya rubuta Kifayatu Du'afa'is Sudan a kan riwayar Warshu da mazhabar Malik domin ɗaliban nan, Sheikh Abubakar Gumi kuma ya bi sawun Jalalaini a Raddul Azhan.

In za ka karanta shi, fara da Itmamud Diraya ka ga taswirar fannonin, sannan Itƙan, Burhan yana kusa da kai. Hadisin da ka gani a Durrul Mansur ko Jami'us Sagir ko Khasa'isul Kubra kada ka hau mumbari da shi sai ka bincika matsayinsa, don a waɗannan wurare tarawa ya yi, bai tace ba. Ka kuma lura ba duk abin da aka buga da sunansa ne nasa ba. Arrahma fiɗ Ɗibbi wal Hikma, littafin magungunan nan da ake sayarwa a kasuwanninmu da sunan Suyuɗi a bango, masana littattafai sun jingina asalinsa ga wani malamin Yaman, Mahadi ɗan Aliyu, wanda ya rasu a 815, shekara 34 kafin a haifi Suyuɗi.